Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Yadda Mai Saye Ke Raba Kuɗinsa a Kasuwannin Kudancin Kano



Duk wanda ya taɓa tsayawa ran kasuwa a Kwanar Ɗangora, inda hanyar Tudun Wada ta rabu da babbar hanyar Kano zuwa Zariya, ya ga magidanci ya tsuguna gaban mai awo, ya damƙi masara ya duba, ya taya, ya tashi ya nufi wajen mai wake, sa'an nan ya sake komowa wajen mai masarar. Wanda bai sani ba sai ya ce ruɗewa ce. A haƙiƙa kuwa lissafi yake yi, kuma lissafin nan nasa shi ne masana tattalin arziki suka shafe fiye da shekara 150 suna ƙoƙarin rubutawa a takarda, suka ba shi suna nazarin zaɓin mai saye. Abin da wannan lacca za ta yi shi ne ta bi wannan magidanci cikin kasuwa, ta ga inda nazarin ya yi daidai da halinsa, da kuma inda sai an yi masa kwaskwarima kafin ya dace da mutumin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Tushen nazarin abu biyu ne: abin da mutum yake so, da abin da yake iyawa. Na biyun ya fi sauƙin aunawa, saboda haka da shi za a fara. Iyakar aljihu ita ce dukkan haɗe-haɗen kayan da kuɗin mutum za su iya saya masa bisa farashin ranar. A ƙaddara magidanci ya fito da naira 12,000 don cefanen mako, kwanon masara yana naira 1,000, na wake yana naira 2,000. (Waɗannan alƙaluma na misali ne kawai, an zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi.) In ya zuba kuɗin duka a masara zai tafi da kwano 12. In ya zuba su a wake zai tafi da kwano 6. Tsakanin nan yana iya ɗaukar masara 10 da wake 1, ko masara 8 da wake 2, ko 6 da 3, har zuwa ƙarshe. Abin lura a nan shi ne, duk kwanon waken da ya ƙara sai ya bar kwano 2 na masara. Watau ainihin farashin wake a wurinsa kwano biyu ne na masara, naira kuwa ma'auni ce kurum da ke tsakani. Ɗalibin da ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin, domin komai yawan sifirin da aka ƙara wa naira, in kuɗin aljihu da farashin kaya duka sun ninka tare, iyakar nan ba ta gusa ko da taki ɗaya ba.

Abin da mutum yake so kuwa, shi ne ya ba masana wahala. A shekarar 1871 William Stanley Jevons a Ingila da Carl Menger a Ostiriya, sa'an nan Léon Walras a Suwizalan a 1874, kowa a nasa wuri, suka tsaya kan magana ɗaya, wadda wani Bajamushe mai suna Hermann Gossen ya riga su faɗa a 1854 ba wanda ya saurare shi. Maganar ita ce, gamsuwar da mutum ke samu daga ƙarin abu tana raguwa gwargwadon yawan abin da ya riga ya samu. Mai azumin da ya kai magariba ya san haka ba sai an karanta masa ba: moɗar ruwa ta fari ba ta da tamka, ta biyu tana da daɗi, ta huɗu kuwa sai an lallashe shi. Da farko an zaci za a iya auna gamsuwa kamar yadda ake auna hatsi, a ce wannan ya ba da gamsuwa goma, wancan biyar. Daga baya aka ga ba a bukatar haka. Vilfredo Pareto a 1906, da kuma John Hicks da R. G. D. Allen a 1934, suka nuna cewa ya isa a san mutum yana iya jera abubuwa, ya ce wannan haɗin ya fi masa wancan, ko kuwa duk ɗaya ne a wurinsa. Ba wanda zai iya leƙa zuciyar magidanci ya ƙirga daɗinsa, amma ana iya ganin abin da ya yarda ya bari don ya sami wani.

To, a koma ga mai naira 12,000. A ce ya fara da tunanin kwashe masara kwano 12, ba wake ko ƙwaya. Gidan da tuwo ne safe da dare yana ƙishin wake ƙwarai, har magidancin zai yarda ya bar kwano 4 na masara don ya sami kwano guda na wake. Kasuwa kuwa kwano 2 kawai take nema. Riba ce, sai ya musanya, ya koma masara 10 da wake 1. Yanzu ƙishin ya ragu, masarar kuma ta fara daraja a idonsa, amma har yanzu zai bar kwano 3 don na biyu, kasuwa tana nan kan 2. Ya sake musanyawa, ya koma masara 8 da wake 2. A nan abin da zai yarda ya bari ya sauko kwano 2, daidai da abin da kasuwa ke nema, don haka ba abin da zai ƙaru da shi in ya ci gaba. Nan zai tsaya, ya ɗaure buhunsa. Wannan matsayi shi ne masana ke kira cikar gamsuwa, kuma ana iya faɗarsa ta wata fuska: naira ta ƙarshe da ya kashe a masara ta ba shi gamsuwa daidai da naira ta ƙarshe da ya kashe a wake. In ba su yi daidai ba, akwai sauran gyara, kuma kai da kawowar da aka gan shi yana yi tsakanin masu awo neman wannan daidaito ne.

Ba a ce magidanci yana ɗauke da alli da allo ba. Paul Samuelson ya ba da amsar wannan tun 1938, inda ya ce a bar tambayar abin da ke cikin zuciya, a dubi abin da mutum ya ɗauka alhali yana da halin ɗaukar wani. Zaɓinsa shi ke bayyana sonsa.

Inda nazarin ya fi amfani shi ne lokacin da farashi ya motsa. A ce masara ta tashi zuwa naira 1,200, wake yana nan yadda yake. Abu biyu suka faru lokaci guda, kuma Eugen Slutsky, masani daga ƙasar Rasha, shi ya rarrabe su a 1915. Na farko, wake ya yi araha in an gwada shi da masara, don yanzu kwanonsa bai kai kwano 2 na masara ba, wannan kuwa yana jan mutum ya rage masara ya ƙara wake. Shi ne tasirin musanya. Na biyu, mutumin ya talauce, ko da yake ba wanda ya taɓa aljihunsa, domin cefanensa na jiya, masara 8 da wake 2, yau sai da naira 13,600, shi kuwa 12,000 gare shi. Shi ne tasirin samu. Ga yawancin kaya, biyun suna tafiya hanya ɗaya, abu ya yi tsada a rage sayensa. Amma a dubi gidan da ba ya kai mako sai da kwano 10 na abinci, ko wane iri ne. Da tsohon farashi, 8 da 2 sun cika goma. Da sabon farashi, hanya guda ce za ta cika goma da naira 12,000, watau masara kwano 10, wake babu. Masara ta yi tsada, mutum ya ƙara sayenta. Alfred Marshall ya ambaci irin wannan a 1895, ya jingina lura da shi ga Robert Giffen, aka daɗe ana neman tabbacinsa a zahiri, har Robert Jensen da Nolan Miller suka buga sakamakon gwajinsu a 2008, inda suka tarar a lardin Hunan na ƙasar Sin gidajen talakawa sun rage cin shinkafa da aka rangwanta musu farashinta, suka karkata ga nama da makamantansa. A ƙasar Kano da wuya a ga abin tsantsarsa, domin dawa da gero da garin rogo suna kusa, in masara ta gagara a koma musu. Amma darasin yana nan. Jami'in da ya ga cinikin hatsi bai ragu ba a lokacin tsada, ya rubuta a rahotonsa cewa jama'a suna jurewa, ya duba wurin da bai kamata ba. Rumfar mahauta da ta mai manja da ta mai wake ya kamata ya leƙa, can ne tsadar masara ke fara nunawa.

Wannan ya kai ga ƙa'idar Ernst Engel, wanda ya yi nazarin cefanen gidajen ma'aikata na ƙasar Beljiyam, ya bayyana a 1857 cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da abinci ke ci cikin kuɗinsa. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna abinci ya cinye sama da kashi 56 cikin ɗari na abin da gidajen Nijeriya suka kashe. A watan Yuni na 2024 hukumar ta ce farashin abinci ya ɗaga da sama da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. A haɗa biyun a gani: gidan da rabin kuɗinsa ke tafiya a abinci, in abincin ya tashi da kashi 40, sai ya nemo ƙarin kashi 20 na dukkan samunsa kafin ya ci abin da ya ci bara. Gidan da abinci ke cinye kashi uku cikin huɗu sai ya nemo kashi 30. Tsadar ɗaya ce a bakin mai awo, nauyinta kuwa ya bambanta daga zaure zuwa zaure.

Ma'aikatan gwamnati sun san wannan a jikinsu. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975 haɗe da bashin watannin baya, ya cika aljihuna, kasuwa kuma ta amsa da hauhawar farashi, ba a daɗe ba kaso mai yawa na ƙarin ya narke. A watan Yuli na 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, watau ninki biyu da sulusi. Man fetur kuwa, wanda farashin hukuma bai kai naira 200 lita ba kafin a janye tallafi ran 29 ga Mayu, 2023, ya haura naira 1,000 a Abuja a watan Oktoba na 2024, ninki biyar ke nan da ɗoriya. Ko iyakar aljihun ma'aikaci ta faɗaɗa ko ta tsuke, ba a ganewa daga takardar albashi, sai an dubi abin da ya saba saye, da kuma nisan gidansa da wurin aikinsa.

Maganar nisa tana da muhimmanci a wannan yanki. Doguwa ita ce ƙaramar hukumar da ta fi kowace kudu a Jihar Kano, kuma mai zuwa Riruwai daga birni sai ya ratsa dajin Falgore. Farashin taki ko siminti ko magani a wurin mutumin can shi ne farashin Kano haɗe da kuɗin mota. Hatsin da yake sayarwa kuma, farashin Dawanau ne bayan an cire kuɗin mota. Ashe tsadar mai tana cizonsa ta fuska biyu.

A nan ne aka iso inda littafin aji ya gaza. Littafi yana ɗauka cewa mai saye yana shigowa kasuwa da kuɗin da ya samo daga wani wuri dabam, ba ruwan kuɗin da farashin abin da zai saya. Haka abin yake ga malamin makaranta, amma manomin Tudun Wada masarar da zai ci ita ce kuma dukiyarsa. Kudancin Kano ya fi sauran jihar ruwan sama, ƙasar masara ce da shinkafa da dawa da rake, ga kuma madatsar Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974, tana ba da ruwan noman rani. In masara ta yi tsada, manomin da ya noma fiye da abin da gidansa zai ci ya ƙaru, iyakar aljihunsa ta buɗe. Maƙwabcinsa da rumbunsa ke ƙarewa kafin damina ta yi nisa ya ragu. Gari ɗaya, farashi ɗaya, sakamako biyu masu karo da juna. Masana sun tsara wannan sosai a 1986, cikin aikin Inderjit Singh da Lyn Squire da John Strauss kan gidajen manoma, amma masu binciken ƙasar Hausa sun riga sun gani da ido. Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, Peter Matlon kuma ya bi gidajen manoma a ƙasar Rogo a 1974 da 1975, dukansu sun nuna cewa ƙauye ba tsara ɗaya ba ne, akwai masu rumbu da yawa, akwai kuma masu ƙodago a gonar wasu don su sayi abin da za a tuƙa da dare. Saboda haka duk wanda ya ce tsadar hatsi alheri ce ga manoma, a tambaye shi waɗanne.

Mafi ban tausayi cikin lamarin shi ne na manomin da ke sayar da hatsi da kaka, lokacin da ya fi araha, ya komo yana saye da marka, lokacin da ya fi tsada. Ɗan birni yakan kira wannan rashin tattali. Nazarin zaɓi yana ganin abin dabam. Iyakar aljihu tana da tsawo cikin watanni kamar yadda take da faɗi cikin kaya, kuma mutum yana zaɓe tsakanin cin yau da cin gobe kamar yadda yake zaɓe tsakanin masara da wake. Da kaka ake biyan bashin taki da na 'yan ƙodago, da kaka ake fitar da zakka, kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar in ya kai nisabi, da kaka kuma ake yawan ɗaurin aure. Manomin da ba shi da inda zai ranci kuɗi cikin sauƙi, rumbunsa ne bankinsa. In ya sayar da buhu a wani farashi, bayan wata bakwai ya saye shi da ƙarin rabi, to ya ci bashi ke nan mai ruwan kashi 50 cikin ɗari a wata bakwai, ko da yake ba wanda ya kira shi bashi. Tsohuwar al'adar falle, inda mutum ke karɓar kuɗi ko hatsi da damina ya biya da dami in an yi girbi, ita ma wannan lissafi ce ta ɗaya gefen. Manomin bai yi kuskure ba, ya zaɓi mafi sauƙi cikin hanyoyi marasa daɗi. Wa'azin tattali ba zai canja zaɓinsa ba muddin hanyoyin suna nan yadda suke. Abin da zai canja shi shi ne wurin ajiya da ƙwari ba sa ci, da rancen da za a iya ɗauka a kan hatsin da aka ajiye.

Makiyayi ma yana da irin tasa iyakar. A kewayen dajin Ɗansoshiya da ke ƙasar Ƙiru, wanda gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta keɓe don matsugunin makiyaya, Bafillatanar da ta kai nono kasuwa ta komo da dawa ba ta damu da naira ba sai gwargwadon kwanon da ƙwaryarta ta sayo. Maigidanta kuma yana auna arzikinsa da buhunan da bijimi guda zai kawo. A farin 1972 zuwa 1974 dabbobi sun rame sun faɗi a kasuwa daidai lokacin da hatsi ya tashi, iyakar aljihun makiyayan Sahel ta rufto daga gefe biyu. Amartya Sen ya yi bayanin wannan a 1981, cewa ana iya yunwa alhali akwai hatsi a kasuwa, in abin da mutum ke riƙe da shi ya daina sayen abinci.

Akwai kuma wani gyara da ya wajaba. Nazarin yana magana kamar gida mutum ɗaya ne mai aljihu ɗaya. Gidan Bahaushe ba haka yake ba. Maigida yana da nauyin hatsi da cefane, uwargida tana da jarinta na ƙuli-ƙuli ko fura ko kiwon awaki, tana da adashinta, tana tara kayan ɗakin 'yarta, kuma kuɗinta nata ne a shari'a da al'ada. Saurayin da ke cikin gandu yana da gayaunarsa. Gudummawar biki ma, wadda baƙo zai ɗauka almubazzaranci ce, ajiya ce da za ta komo ran da bukata ta taso. Wannan bai rushe nazarin ba, sai dai ya nuna cewa a gida ɗaya akwai iyakoki uku ko huɗu, kuma naira 5,000 da ta shiga hannun uwargida ba lalle ta sayi abin da za ta saya a hannun maigida ba.

Ga ma'aikacin da aka ɗora wa rabon tallafi, nazarin yana da hukunci bayyananne kan tsohuwar gardamar nan ta ko a ba da kaya ko a ba da kuɗi. In aka ba magidanci shinkafar naira 10,000, an tilasta masa matsayi ɗaya. In aka ba shi naira 10,000 a hannu, yana iya sayen shinkafar in ita yake so, yana kuma iya sayen masara mai yawa da ɗan magani. Kuɗin ba za su gaza kayan ba a wurinsa, sau da yawa ma sun fi. In an ga wanda aka ba shinkafa ya kai ta kasuwa ya karyar, ba butulci ya yi ba, yana ƙoƙarin komawa matsayin da ya fi dacewa da gidansa ne, kuma abin da ya yi hasara wajen karyarwar ɓarna ce da tsarin rabon ya jawo. Amma hukuncin yana da sharuɗɗa. Sai akwai kayan a kasuwar kusa, sai farashi bai gudu ba tsakanin ranar da aka yanke adadin da ranar da aka biya, sai kuma kuɗin sun kasance waɗanda mai awo zai karɓa. A watannin Janairu zuwa Maris na 2023, lokacin ƙarancin takardun naira bayan canja fasalinsu, mutane da kuɗi a asusun banki sun tsaya a kasuwannin ƙauye ba su iya sayen kwano guda ba, masu hatsi da dabbobi kuma suka riƙa rangwanta wa mai tsaba a hannu. A irin waɗannan watanni, da kuma a ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya da marka, buhun hatsi a ƙofar gida ya fi lambar kuɗi a wayar hannu, kuma jami'in da ke tsara rabo a Riruwai ko Ƙiru sai ya fara sanin wane wata ne, kuma wace hanya ce motar ɗan kasuwa ke iya bi, kafin ya yanke wanda zai aika.